Kofin Ya Yi Sanyi

Litinin, 1 ga Maris, 1971, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na auna fili, layi shida. Saura kwana goma sha tara a yi gasar gidaje, wadda yaran nan ke kira intahaus. Ni Silvanus, shekarata goma sha ɗaya ina malamin wasanni a makarantar nan, ban taɓa fasa ta ba. A shekarun yaƙi ma ban fasa ba, balle don jita-jita.

Jita-jitar ita ce wai abin nan ya shigo gari, kuma wai ta jirgin ƙasa ya zo. A Kafanchan komai ta jirgi yake zuwa, daga gishiri har tsegumi, to me zai hana shi. Ba zan rubuta sunansa a littafin nan ba, kowa ya san shi. Mutum ya karya kumallo lafiya lau, da rana ciki ya ɓare sama da ƙasa, kafin yamma ido ya zurma, sai neman masu haƙa.

'Yata Afiniki ta yi yadi ɗari a daƙiƙa goma sha biyu cif. Ƙawarta Mildred, 'yar Godogodo, tana bayanta da tsawon tafin hannu. Su biyun 'yan aji biyar ne, 'yan Gidan Kore, gadonsu ɗaya sama da ƙasa. Ranar gasa wani jami'i zai zo daga Kaduna ya zaɓi waɗanda za su yi wa jiha gudu. Bana ce shekararsu ta ƙarshe.

Alhamis, 4 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Taron malamai. Sista Clara, mai kula da ɗakin magani na makaranta, ita ta fara miƙewa.

"Sa, ni ban yarda da wannan spot ɗin, wannan gasa, ba," ta ce wa shugaban makaranta. "Mutane zai taru, masu kunu zai zo, yara zai sha komai. Jiya mutum bakwai ya mutu a asibiti, ni na gani da ido na."

Na ce, "Sista, a iska yake tafiya?"

"A'a. A ruwa, da hannu mai datti."

"To a bar mini ruwa."

Na shimfiɗa musu tsarina. Ba 'yan kallo daga gari, ba mai talla. Za a tafasa ruwa duro biyu, kowane yaro ya zo da kofinsa. Na ce yara ɗari uku muka kulle a cikin shinge ba su da aikin yi sai jin tsoro, jiya ma wata 'yar aji ɗaya ta suma don kawai cikinta ya yi ƙugi. A bar su su yi gudu su yi ihu, su tuna suna da ƙafa. Na yi magana mai daɗi, ni kaina na ji daɗinta. Ban ambaci Afiniki ba, kuma ba wanda ya ambace ta, amma duk sun sani.

Shugabanmu Mista Gregory ba ya ɗaga hannu sai ya ga inda hannuwa suka fi yawa. Tara da biyar, za a yi gasa.

A bakin ƙofa Sista ta tare ni. "Mista Silvanus, ka rubuta a wani wuri cewa ni na ce a'a."

To, Sista, ga shi na rubuta.

Lahadi, 7 ga Maris, bayan sujada

Fasto ya dakatar da Jibin Ubangiji sai abin ya wuce, saboda ƙoƙo ɗaya muke sha duka. Ya hana gaisuwar hannu ma. Muka fito kowa ya naɗe hannu a baya kamar masu zagayen duba gona, ana gaisawa da ka.

An kuma daina kaɗa ƙararrawa in an yi rasuwa. Wai tana tayar wa marasa lafiya hankali. Shirun ya fi ta tayar mini da hankali. Dā in ta yi ƙara ka san mutum ɗaya ne. Yanzu kana zaune gari tsit, ba ka san ko nawa ba ne.

Muka kama hanya ni da matata Lai'atu. Da muka iso gida ta wanke hannu har sau uku.

Talata, 9 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ma'aikatan lafiya sun zo da mota sun kwashe farar ƙasar da ke sitonmu, wadda nake shata layin gudu da ita. Suna zuba ta a masai da kaburbura. Buhu ɗaya na ɓoye ƙarƙashin katifun tsalle. Ban ji kunya ba, tawa ce.

Da na shiga gari a keke na ga abin da suke yi da ita. Duk gidan da aka fitar da mutum, sai su ja farin layi a bakin ƙofa. A unguwar bayan tasha na ga gida biyar a jere, layin ya haɗe ya zama ɗaya, miƙe sambal. Wanda ya ja shi ya iya aiki. Abin da ya fara zuwa raina ke nan, Allah ya gafarta mini.

Juma'a, 12 ga Maris, da safe

Jirgi ya tsaya a tasha. Ba wanda ya sauka, ba wanda ya hau, tagogi duk a rufe.

Asabar, 13 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

An rufe rumfar mahauta, ungulayen kasuwa sun rasa wurin zama sun dawo filinmu. Huɗu a kan sandar gola, suna kallon yara suna atisaye. Mildred ta ce su ne alƙalan Kaduna sun zo da wuri. Yarinyar nan bakinta ya fi ƙafarta sauri.

Na tarar da Baba Zamani a gindin mangwaro yana goge kofin gasa da toka da lemun tsami. Shi ne dattijon da ke kaɗa ƙararrawar makaranta, yana nan tun kafin a yi rufin kwano. Kofin nan nasa ne fiye da na kowa. Al'adarmu ita ce, ranar gasa da sassafe ya sauka rafin bayan makaranta, wurin kwarmin dutse inda aka yi wa ɗaliban farko baftisma, ya ciko shi. In an gama gudun miƙa sanda, malamin wasanni ya fara kurɓa, sannan ya miƙa wa 'yan gudu huɗun da suka ci su shanye. Ni ma na sha a 1949, ina ɗan aji huɗu. Har yau ina jin sanyinsa a haƙorina.

Na ce, "Baba, bana daga duro za ka ɗiba, wanda aka tafasa."

Ya yi dariya. "Malam, wancan ruwan baftisma ne fa. Wane ciwo zai shiga ciki? Kofin nan bai taɓa shan ruwan tukunya ba."

"Bana dai zai sha."

"To," ya ce, ya ci gaba da guga.

Na san "to" ɗin Baba Zamani. Da shi ya sallami Turawa uku.

Laraba, 17 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Mun yi faɗa da Lai'atu kafin in fita. A zumuntar mata ta ji cewa abin ya kai ƙauyen da ke saman rafi. An rufe musu rijiya, don haka a rafi mata ke wanke tabarmi da zannuwan waɗanda suka tafi.

"Baban Afiniki, ka cire yarinyan nan. Gudu ba zai ƙare a duniya ba."

"Nata zai ƙare ranar Asabar in ba ta yi ba."

"Nata ne ko naka?"

Na ce mata ba da rafi za su yi tsere ba, ruwa kuma ni zan tsaya a kansa. Na ce ta bar mini aikina ta riƙe na tukunyarta. Wannan ban kyauta ba. Ta juya mini baya tana hura wuta, alhali wutar tana ci.

Ni ma an taɓa cewa za a kai ni Kaduna, a 1950, na gurɗe a ƙafa saura kwana uku. Wannan ba shi da alaƙa da komai.

Juma'a, 19 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na shata layuka da kaina. Sun fito fes. An tafasa ruwa duro biyu, na tsaya a kai har ya yi tafasa uku, na rufe, na ɗaure murfi da waya. Ruwan ya yi ɗumi-ɗumi, yana warin hayaƙi. Yara za su yi ƙorafi, su sha haka nan.

Asabar, 20 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

An yi, an gama, lafiya.

Ban taɓa ganin gasa irin ta yau ba. Ba makaɗa, ba iyaye, ba mai gyaɗa. Yara sun so yin ihu, amma in suka fara sai muryarsu ta tafi ta daki bangon ajujuwa ta dawo, sai su yi shiru. Ana jin ƙarar tafin ƙafa a kan ƙasa, ana jin numfashin mai gudu tun daga kwana. Mutumin Kaduna ya zauna nesa da kowa da hankici a hanci, yana rubutu.

Yadi ɗari: Afiniki ta ɗaya, Mildred ta biyu. Gudun miƙa sanda: Gidan Kore. Hellen ta tashi, ta ba Emilia, Emilia ta ba Mildred suna na uku, Mildred ta cinye biyu a kwana ta danƙa wa Afiniki, ita kuwa ta tafi kamar an kira ta gida. Mutumin Kaduna ya sauke hankicinsa. Na ga wannan da idona, kuma na yi murna, murna irin wadda na daɗe ban yi ba.

Aka ba da kofi yadda aka saba.

Ruwa duk an tafasa. Duro biyu.

Lahadi, 21 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Kowa lafiya.

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Na bi ta ɗakin kwanan 'yan mata, wai ina neman usur ɗina. Yana wuyana. Kowa lafiya. Afiniki da Mildred suna yi wa juna kitso.

Litinin, 22 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

An kira suna, kowa ya amsa. Sista Clara ta ce mini, "Mista Silvanus, ka ci sa'a." Na ce ba sa'a ba ce, tsari ne.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Mildred ta nemi izinin fita daga aji sau huɗu. Na biyar ba ta nema ba, faɗuwa ta yi a baranda. Emilia ma.

An tafasa ruwan. Ni na tsaya a kai.

Talata, 23 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Afiniki.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Da motar kicin muka kai ta asibiti. Ɗakuna sun cika, an jera gadaje a ƙarƙashin bishiyoyi, kwalaben ƙarin ruwa rataye a rassa suna lilo. Kowane gado da rami a tsakiya, da bokiti a ƙarƙashi. Ba mai kuka a wurin. Ba su da ruwan da za su yi shi.

Yatsunta sun yamutse kamar na wadda ta wuni tana wanki. Muryarta ta shige. Na ɗaga ta daga mota, yarinyar da ta gagari kowa ranar Asabar, ban ji nauyin komai ba.

Lai'atu ta shimfiɗa zani a ƙasa kusa da gadon. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi.

Gadon Mildred na uku daga na Afiniki.

Laraba, 24 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Wani dattijo ne a gado na uku.

Laraba, ƙarfe biyu na rana

Ba su yarda a kai Mildred Godogodo ba. A bayan asibiti aka yi, mu shida, daga nesa. Ba wanka, ba ƙararrawa. Fasto ya yi addu'a gajeriya, sannan wani mai takalmin roba ya zazzaga farar ƙasa. Buhun da ke hannunsa yana ɗauke da hatimin makarantarmu, rubutun hannuna ne a jiki.

Kitson da Afiniki ta yi mata bai ko tsufa ba.

Juma'a, 26 ga Maris, ƙarfe goma sha biyu na rana

An rufe makaranta. Emilia ta fara farfaɗowa. Afiniki tana nan yadda take, kwalba ta tara.

Sista Clara ta yi abin da na san za ta yi. Ta zauna da takarda ta bi yara ɗaya bayan ɗaya. Cikin ɗari uku, uku ne suka kwanta, kuma ukun suna cikin huɗun da suka sha a kofi. Hellen ta ce ita leɓe kawai ta jiƙa, don ita ce ta ƙarshe, an kusa shanyewa.

Aka kira Baba Zamani ofis. Bai yi musu ba.

"Na je rafi, Sa. Kowane shekara ina zuwa. Wurin baftisma ne." Ya juyo gare ni, hularsa a hannu. "Amma Malam ma ya sha, shi ya fara sha. Ga shi nan tsaye lafiya. In ruwan ne, yaya bai kama shi ba?"

Duk suka dube ni. Fasto, wanda ya zo zaman, ya ce Ubangiji yakan tsare wanda ya ga dama, kada mu bincike shi. Sista ta ce akwai masu ƙarfin ciki, takan ga haka. Ta daɗe tana kallona kafin ta faɗa.

Na ce na gaya wa Baba ya ɗiba a duro. Gaskiya ne, na gaya masa.

Mista Gregory ya ga inda hannuwa suka fi yawa. An sallami Baba Zamani, bayan shekara talatin da ɗaya yana aiki. Ya ajiye sandar ƙararrawa a kan tebur a hankali, ya ce, "To."

Asabar, 27 ga Maris, tsakar rana

Ba yaro ko ɗaya a makaranta. Layukan suna nan fari tas, ba ruwan sama da zai wanke su. Ungulayen ma sun tafi.

Ina sito ina jera kaya na ji ƙarar ƙafa a fili. Mutum ɗaya, ba takalmi, yana shan kwana. Na san kowane ɗalibi da tafiyar ƙafarsa, wannan irin ta Mildred ce, tana ɗan jan hagu in ta shiga kwana, shekara biyu ina faɗa da ita a kan haka. Na fita. Rana ce kawai da layuka.

Kofin yana kan kantar sito. Rufin kwano ya gasa komai na ɗakin, har usur ba ya taɓuwa. Na ɗora hannu a kan kofin. Da sanyinsa.

Litinin, 29 ga Maris, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Takarda ta zo daga Kaduna. Suna biyu: Afiniki da Mildred. Su je sansanin horo bayan Ista, su taho da farar riga da bargo.

Ina riƙe da ita mahaifin Mildred ya iso ɗaukar akwatinta. Manomi ne, dogo, ƙafafunsa irin nata. Ya ɗora akwatin a keke ya ɗaure da roba, sannan ya tsaya.

"Malam, an ce ya yi gudu da kyau?"

"Ta yi, Baba. Ba a taɓa yin kamarsa ba."

"An ce kai ma ka sha ruwan. Allah ya bar ka domin naka yarinya. Ina yi masa addu'a."

Na sa takardar a aljihu, ban nuna masa ba. Ban san ko na yi daidai ba.

Laraba, 31 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

An cire wa Afiniki allura. Ta sha koko cokali shida, ya zauna. Likita ya ce ta haye. Na fita bayan bishiya na yi kuka kamar ƙaramin yaro, na dawo.

Ta san labarin Mildred, gado uku ne tsakaninsu. Ba ta yi maganarta ba. Lai'atu tana zaune a ƙasa tana juya kokon da cokali don ya huce. Afiniki ta kama yatsana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Baba, na gode Allah da ba ka sha ba."

Na ce, "Me?"

"A kofi. Ina kusa da kai, na gani. Ka kai baki amma ka rufe leɓe." Ta yi ɗan murmushi. "Na san don mu ka bari. Ka ga mun gaji, ba ka so ka rage mana."

Cokalin Lai'atu ya tsaya.

Zan rubuta yanzu, sau ɗaya. Da Baba Zamani ya miƙo mini kofin ranar Asabar, yana naso, sanyinsa ya ratsa tafin hannuna. Ruwan duro ɗumi ne, ni na tafasa shi. Na sani tun kafin ya kai bakina, kuma na tuna abin da Lai'atu ta ce ana wankewa a saman rafi. Yara ɗari uku suna kallo, Sista tana kallo, mutumin Kaduna ya miƙe tsaye yana tafi. In na zubar, na yarda a gaban kowa cewa akwai abin da tsarina bai rufe ba. Na ce a raina kurɓi ɗaya ba ya komai, shekara nawa ana sha. Amma leɓena bai yarda da wannan magana ba, ya rufe kansa. Na ɗaga kofin, na motsa maƙogwaro kamar mai haɗiya, na miƙa wa 'yata. Ita ta miƙa wa Mildred.

Na sunkuya kan gadon Afiniki. Na gyara mata matashi.

Alhamis, 1 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

An ce Baba Zamani yana wajen ƙanwarsa a Gwantu. Gobe akwai mota. Daga nan sai ofishin Mista Gregory, sai Godogodo. Ban san da wane baki zan faɗa musu ba.

Lai'atu ta dawo gida ɗaukar zannuwa. Tun jiya ba ta yi mini magana ba. Ta zuba mini tuwo, ta ɗebo ruwa a tulun da muke tafasawa, ta ajiye a gabana. Ba ta koma kicin ba kamar kullum. Ta tsaya a kaina, hannu a naɗe, tana kallon maƙogwarona har na haɗiye.